POKÉMON: AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Rubutun yau mai ɗan tsawo ne, wanda yake cikin hidima ya ajiye shi sai dare.

A watan Maris na 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, katunansa da gem ɗinsa duka. A watan Maris na 2025, shekara 24 cif, aka sanar cewa kamfanin Scopely zai sayi sashen wasanni na Niantic, masu Pokémon GO, a kan dala biliyan 3.5. Wa ke da Scopely? Savvy Games Group. Wa ke da Savvy? Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, wanda ake kira PIF. Wannan asusun dai shi ne ya taɓa riƙe sama da kashi 8 cikin ɗari na hannun jarin Nintendo, ɗaya daga cikin kamfanoni ukun da suka mallaki Pokémon ɗin kansa.

Kafin wani ya zabura a ƙasa: ban kawo wannan don in yi wa kowa dariya ba, kuma na sani kuɗi ba ya mayar da haram ya zama halal. Na kawo shi ne saboda har yau, duk lokacin da yara suka samu hutu suka rungumi waya, sai tsohon saƙon nan ya farfaɗo a zaurukan WhatsApp na iyaye. Wai ma'anar Pokémon da Japananci "ni Bayahude ne". Wai halittun da ke ciki aljanu ne. Wai a tura wa mutum goma. Uba ya karanta, ransa ya ɓaci, ya fizge waya, ya goge gem ɗin, sannan ya miƙa wa yaro wayarsa da duk abin da ya fi cutarwa yana nan daram a ciki. Wannan ne yake damuna.

Sunan dai gajarta kalmomi biyu ne na Turanci, Pocket Monsters, wato dodannin aljihu. Japanawa suna da ɗabi'ar gutsure kalmomi su haɗe su, shi ke nan labarin. Wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, haifaffen 1965 ne, ya taso a Machida, gefen Tokiyo, lokacin da wurin yake da gonaki da kududdufai. Yaro ne mai yawon kamun ƙwari, har abokansa suka laƙaba masa Dakta Ƙwaro. Yana girma gari ya cinye dajin, siminti da kwalta suka rufe inda yake farauta. Sai ya so yaran birni su ɗanɗani abin da ya ɗanɗana, ko da a cikin allo ne. Shekara kusan shida kamfaninsa Game Freak yana fama, har aka fitar da gem ɗin a Japan ranar 27 ga Fabrairu, 1996, a ƙaramar na'urar Game Boy, da halittu 151. Zuwa 2024 sun kai 1,025. Duk wanda a cikinmu ya yi kamun fara da gyare a bayan gari, ko ya ɗana wa tsuntsu tarko, sannan ya koma unguwar yau ya tarar an yanka filin filoti-filoti, zai gane abin da mutumin nan yake ji.

Ni na buga gem ɗin tun muna jami'a, a na'urar wani abokin ɗakinmu, yanzu kuma ga shi 'ya'yana suna bugawa. Don haka bari in ɗauki halitta ɗaya tak in nuna muku yadda abin yake tafiya, tunda gani ya kori ji.

Akwai wani jan kifi da ake kira Magikarp. A duk faɗin gem ɗin da wuya ka samu abin da ya kai shi rashin amfani. Ka jefa tsohuwar fatsa a ruwa, shi za ka kamo. Ka sake jefawa, shi ne dai. A gem na farko akwai ma wani ɗan kasuwa da yake zaune kusa da Dutsen Wata yana sayar da shi a kan 500, alhali kuɗin da ka fara tafiya da su duka 3,000 ne, ƙwallon da ake kama halitta da ita kuma 200 ce. Kowa yana ganinsa ya ce ɗan damfara ne. Ka shiga faɗa da kifin nan, dabara ɗaya ya iya: ya yi fatal-fatal, ya yi tsalle, allo ya rubuta maka cewa babu abin da ya faru. Haka zai yi ta yi har ya kai mataki na 15, kafin ya koyi ɗan karo mai rauni wanda ko kaza ba zai ture ba.

To ta yaya za ka horar da abin da ba ya iya duka? Nan dabara take. Halitta shida kawai aka yarda ka riƙe a tawagarka. Sai ka sa kifin a gaba, shi zai fara fita fili, da an fara faɗa ka janye shi ka turo mai ƙarfi ya gama aikin. A tsofaffin gem ɗin, makin gogewa da aka samu sai a raba musu biyu. Kun ga hasarar? Ka ba shi kujera ɗaya cikin shida, ka rage wa gwaninka rabin ladansa, kuma duk sauyin da ka yi sai abokin karawa ya samu bugu ɗaya a kyauta. Haka za ka yi ta yi, faɗa bayan faɗa, kana ɗauke da kaya marar amfani. Mu ma'aikata mun san irin wannan a ofis, sai dai namu ba su cika rikiɗewa ba.

Shi wannan yana rikiɗewa. Ranar da ya taka mataki na 20, kifin da bai kai mita ɗaya ba sai ya koma Gyarados, wani shirgegen macijin ruwa mai tsawon mita 6.5. Ƙarfin bugunsa a ma'aunin gem ɗin ya tashi daga 10 zuwa 125. Masu gem ɗin sun ɗauko wannan ne daga tatsuniyar Sinawa ta kifin da ya yi ta fama da igiyar ruwa har ya tsallake Ƙofar Dodo ya zama dodo. A Pokémon GO ma ba su sassauta ba: alewa 400 ake nema kafin ya rikiɗe, kowane kamu uku yake ba ka, in ka sallama shi a ƙara maka ɗaya. Ku yi lissafi, kifi wajen ɗari ke nan. Ko kuma ka ɗauke shi abokin tafiya, duk kilomita ɗaya da ka taka da ƙafarka a ba ka alewa ɗaya.

Yanzu don Allah ku gaya mini, a cikin duk abin da ke wayar yaro ɗan shekara goma, me kuma yake ce masa ka jira, ka wahala, ladan yana gaba? Bidiyon daƙiƙa goma sha biyar ɗin da yake turawa sama da ɗan yatsa? Mu an rene mu da cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ga wani Bajapane ya zo ya sa yaro ya dafa dutsen da hannunsa.

Kamun ma kansa ba jifa kawai ba ne. In ka ci karo da halitta a jeji, sai ka fara raunata ta, amma kar ka wuce gona da iri, don in ta suma ta tafi ke nan. Ka rage mata ƙarfi saura ƙiris, in da hali ka sa ta barci ko ka sandarar da ita, sannan ka jefa ƙwallo, ka zuba ido tana girgiza. Yaro mai gaggawa, wanda bai iya tsayar da hannunsa ba, kullum shi ke yin asara.

Sai faɗan. Wanda bai sani ba zai zaci danne-danne ne da sauri kamar gem ɗin harbi. Ko kusa. Bi-da-bi ake yi, kowa ya zaɓi abin da zai yi, sannan a ga sakamako. Kowace halitta dabara huɗu kawai take iya riƙewa, in za ta koyi ta biyar sai ka yanke shawarar wadda za a manta. Akwai jinsi 18, kowane da wanda yake ci da wanda yake cinsa. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa, lantarki ba ya taɓa mai jinsin ƙasa ko kaɗan. Shi Gyarados ɗin da ka sha wahala a kansa jinsi biyu gare shi, ruwa da tashi sama, kuma duka biyun lantarki yana cin su, don haka bugun lantarki ninki huɗu yake yi masa. Ƙaramin ɓera irin Pikachu sai ya kayar da shi. Saboda haka in ka ga an fito maka da mai lantarki, kana janye shi ka turo mai jinsin ƙasa. Amma fa abokin karawarka ya san za ka yi haka, wataƙila ya riga ya zaɓi bugun da zai tarbi wanda za ka turo. Kai ma ka san ya sani. Duk wanda ya zauna gindin bishiya ya kalli dattawa suna dara ya san wannan yanayin.

A gasar duniya ta 2014 da aka yi a Washinton, wani ɗan Koriya ta Kudu, Se Jun Park, ya ci kofi da tawagar da akwai Gyarados a ciki. A gasar biyu-biyu ake fitowa fili. Me ya yi don ya kare dodonsa daga lantarki? Ya ɗauko wani ɗan mitsitsin kurege mai suna Pachirisu, wanda manyan 'yan wasa ba sa ko kallonsa. Kuregen yana da dabarar jan duk wani bugu ya dawo kansa, kuma lantarki in ya same shi lafiya ma yake ƙara masa. Shi yana shan duka, babban yana gefe yana aiki. Raina kama ka ga gayya. Har yau masu wasan suna ba da labarin nan.

Kuma duk wannan a rubuce yake. Yaron da zai yi nisa a gem ɗin dole ya karanta abin da allo yake faɗa, ya riƙe jadawali a kansa, ya yi ninki biyu da rabi. Na ga yaron da ake fama da shi ya buɗe littafin Turanci yana bin kalma da ɗan yatsa don ya gane me wata dabara take yi.

Maganar cewa yana koyar da aƙidar Darwin, wadda tana cikin dalilan fatawar 2001, daga kalma ta taso. Sun kira rikiɗewar nan da kalmar da masana kimiyya suke amfani da ita wajen sauyawar halittu a tsawon zamani. Amma abin da ke faruwa a allo halitta ɗaya ce take girma ta sauya kama a rayuwarta, kamar yadda tsutsa take zama malam-buɗe-littafi. Wannan kuwa muna ganinsa a gona kowace damina. Hukunci na malamai ne, ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da ke cikin gem ɗin kawai nake faɗa.

Inda masu suka suke da magana mai nauyi, kuma ban ga ana yin ta a WhatsApp ba, shi ne asalin tsarin. Ka je jeji, ka doki dabba, ka cusa ta a ƙwallo, ka fito da ita ta yi maka faɗa da ta wani don a ba ka lambar yabo. Malamanmu sun hana haɗa dabbobi faɗa, ko zakaru ne ko raguna. Gaskiya ne a gem ɗin babu jini, babu mutuwa, suma suke yi a kai su asibiti a warkar da su kyauta. Su kansu masu gem ɗin abin ya tsaya musu a rai, shi ya sa a fitowar Black da White ta 2010 suka kawo wata ƙungiya mai da'awar a saki halittun nan a bar su su sha iska. Sai dai a ƙarshe sun mayar da jagoran ƙungiyar munafuki, wanda yake so kowa ya saki nasa shi kaɗai ya rage da makami. A ganina zillewa suka yi, ba su amsa tambayar ba. Uban da ya zauna da ɗansa ya tambaye shi "kai kana ganin kifin nan yana son faɗan?" ya fi su yin aiki.

To yanzu mu zo kan jakin.

A cikin dalilan waccan fatawa, wanda ya fi kowane ƙarfi shi ne caca, kuma shi ne lokaci ya ƙara gaskatawa. A gem na farko akwai gidan caca sukutum, da injinan da ake zuba kwabbai a ja. Ba malamai kaɗai suka ga haka ba, dokokin tantance wasanni na Turai ne suka sa daga 2009 aka fara cire injinan daga kwafin da ake sayarwa can. Katunan kuwa a rufe ake sayar da su cikin leda, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, wataƙila tarkace, wataƙila katin da ya fi albashinka na shekara. A 2021 ɗan YouTube ɗin nan Logan Paul ya mallaki katin Pikachu guda ɗaya a kan dala miliyan 5.275. A watan Mayu na shekarar, kantin Target na Amurka ya dakatar da sayar da katunan a shagunansa bayan wata rigima da aka yi a kan kati a wajen ajiye motoci, har da zaro bindiga. Manya fa, ba yara ba.

Za ku ce ina ruwanmu, mu nan wa yake sayen kati? Ai katin ne ya biyo mu har cikin waya. A watan Oktoba na 2024 aka fitar da Pokémon TCG Pocket. Saukewa kyauta. Kullum a ba ka leda biyu kyauta, kowace da kati biyar, ka ja yatsa ka yage ta, haske ya tashi, zuciya ta buga. In ka buɗe ɗaya sai ka jira awa 12. Ba ka son jira? Biya. Ku duba bambancin da kyau. A labarin kifin can, abin da ke tsakaninka da lada aiki ne, kuma ka san ranar biya, mataki na 20. A nan abin da ke tsakaninka da lada sa'a ce, kuma ana sayar maka da damar sake gwadawa. Suna ɗaya, zane ɗaya, Pikachu ɗaya, amma tarbiyya biyu ce mabambanta. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin gem caca ne a ƙarƙashin dokarta. Kuma wannan tsari bai tsaya ga Pokémon ba, gem ɗin ƙwallo da na harbi da yaranmu suka fi bugawa cike suke da shi. Waɗannan kuwa ban taɓa ganin an tura saƙo a kansu ba, tunda ba su da ƙaho da jela.

Abin da ya sa ya fi shafarmu shi ne talauci. Cikakken gem na Nintendo Switch, wanda za ka biya sau ɗaya ka buga labarinsa har ƙarshe, dala 60 ne. A canjin yanzu ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ba a ma zo maganar kuɗin na'urar ba. Don haka ɗan mai hali yana samun mai tsabtar, ɗan ma'aikaci irina kuma na kyauta yake saukewa a wayar uwarsa, na kyautar nan kuwa shi ne mai ƙugiya. Wani abokin aikina sai saƙon banki ne ya yi ta shigo masa yana tsakiyar taro. Ashe katinsa na ATM da ya taɓa sakawa a wayar gida don sayen wata manhaja yana nan a maƙale, yaro yana ta buɗe akwati a wani gem. Yaron bai ma ɗauka kuɗi yake kashewa ba, shi lu'ulu'u yake gani a allo.

Kuɗin da ya tafi ma da sauƙi. Abin tsoron shi ne sabo. Yaron da ya saba tun yana ɗan shekara tara da wannan bugun zuciyar na "wataƙila wannan karon", me kuke zato zai ji ranar da ya kai sha takwas ya wuce ta ƙofar shagon cacar ƙwallo? Ai ya riga ya yi firamare ɗinta a gida, a kan tabarmar uwarsa. Mun ga yadda shagunan nan suka cika da matasa, mun ga ana rufe su suna komawa cikin waya.

Pokémon GO kuma matsalarsa daban, ba sai na ja ta ba. Gem ne da yake sa ka fita titi ka ɗaga waya kana bin taswira. A garuruwan da ƙwacen waya ya zama ruwan dare, har ana rasa rai a kansa, ni ɗana ba zai yi wannan yawon ba, kuma ba sai an kawo mini fatawa ba. Ga shi kuma duk inda ka taka yana sane. Iran ma da ta hana shi a 2016 dalilin tsaro ta bayar.

Masu cewa duk ɓata lokaci ne, a ba su Alƙur'ani da littafi: na yarda gem yana cin lokaci, wannan ma sosai, kuma yaron da aka sake shi da shi zai kwana a kai. Amma mu ma mun yi langa, mun yi ƙwallon tsumma har magariba ta wuce aka biyo mu da bulala, kuma mun yi karatun. Yaro sai ya yi wasa. Ko ka zaɓa masa, ko waya ta zaɓa masa.

A gidana ga yadda muke yi, wanda ya ga zai yi masa amfani ya ɗauka. Babu katin banki a kowace wayar da yaro yake taɓawa, kuma saye a Play Store sai da lambar sirri. Gem sai Asabar da Lahadi, bayan Islamiyya. Duk sabon gem da za a sauke, tambayata ɗaya ce: akwai abin da ake buɗewa a ciki wanda ba a san me zai fito ba, kuma ana iya biyan kuɗi a ƙara buɗewa? In akwai, ba ya kwana a wayar, ko da hoton raƙumi da dabino ne a jikinsa. In babu, nakan zauna in kalli minti goma, in sa yaron ya yi mini bayanin abin da yake yi da dalilinsa. Wanda ya kasa bayani, danne-danne kawai yake yi, sai mu nemi wani.

Masu shirin turo mini wancan saƙon ta akwatin sirri kuma, na riga na gan shi, sau huɗu a wannan hutun kaɗai.